Kwamfutar Ɗakin Gwaji

Lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi, ni ke kula da kwamfutar ɗakin gwaji. Wani ɗan kwangila ne ya ɗora mana manhajar, ya kaɗa rigarsa ya tafi. Ya zuba bayanan a teburi biyu, wato jeri biyu a cikin kwamfutar, ɗaya na sunayen mutane, ɗaya na duk gwajin da aka taɓa yi. Bai sa musu manuni ba, wato abin da ke kai kwamfuta kai tsaye inda ake nema. Ko me ka tambaye ta sai ta bi layi-layi, kamar tsohuwa mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na sha zaginta, abokan aiki suna yi mini dariya.

Wata ranar kasuwa aka kawo wata mata daga Mahuta a kan babur, ta haihu jini ya ɓalle. Irin jininta ba a cika samunsa ba. A wajenmu wurin dangi ake neman jini, don haka aka gwada mijin da ƙannensa. Babu wanda ya dace.

"Malam, duba muna cikin injin nan naka," in ji wata nas.

Na nemi kwamfutar ta fito da masu irin jinin da unguwanninsu. Ta shiga lalube. Tana tsaka da yi aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta komai ya koma farko. Ɗan kabu-kabun da ya kawo su yana zaune a benci yana fifita da hularsa, yana ce wa mijin, "Yi haƙuri, yaya, Allah na nan." Kafin la'asar matar ta cika.

Haushi ya hana ni sukuni, har sai da na samo littafin koyon manhajar. 'Yan kalmomi kawai na rubuta, na sa manuni a kan rukunin jini da lambar katin asibiti da ke haɗa teburan. Sannan na maimaita tambayar ranar. Ban ɗage yatsa ba amsa ta fito.

Sunaye kaɗan ne, kuma na san na farkon. Mun gwada jininsa shekarar da ya faɗi da babur. Shi ne mai fifita da hula a benci. Ba dangi ba ne, shi ya sa ba wanda ya tambaye shi.

Har yau in na bi ta tasha yana ɗaga mini hannu, ni ma in ɗaga masa. Ban taɓa faɗa masa ba.