Kafintan da Ya Toshe Tagar Aji

Kafin rana ta ɗaga, Baba Mai Zarto ya riga ya buɗe shagonsa, ya share garin katakon jiya, ya jera ƙusoshi a gwangwanaye, manya daban ƙanana daban. Daga nan sai ya leƙa titi, dama da hagu, kamar mai jiran baƙo. Ba baƙo yake jira ba. Katafila yake saurare.

Duk unguwa an san shi matsoraci ne. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, jikokinsa ma sukan ce in ƙadangare ya gyaɗa masa kai sai ya sauya hanya. Shi kuma ba ya musu, dariya kawai yake yi.

A makarantar firamare ta bayan kasuwa ake jefa ƙuri'a, a wani aji mai taga ɗaya wadda murfinta ya daɗe da ɓallewa. Wani zaɓe can baya, yaran kansila suka jingina da tagar tun safe, suna kallon inda kowa ke dangwala yatsa. Ba su zagi kowa ba, ba su taɓa kowa ba. Bayan zaɓe ne aka fara kwance rumfuna a kasuwa, ɗaya bayan ɗaya. Cikin waɗanda abin ya shafa har da Inna mai gawayi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Har yau a bakin kwata take kasa gawayinta.

Tun daga lokacin, duk jajibirin zaɓe Baba kan ɗauki katako ya je ya toshe tagar nan, ba wanda ya sa shi. In ya gama sai ya rufe kansa cikin ajin da rana tsaka, ya tsaya har idonsa ya saba da duhu. Duk inda ya ga zaren haske ya ratso, sai ya cusa garin katako da gam. Yakan ce inda haske ya wuce, kallo ma zai wuce.

A zaɓen da ya gabata, Dogo, babban yaron kansila, ya zo shagon da kansa, an biyo shi da katako sabo fil. Ya gaishe da Baba har ƙasa, ya yaba shagon, ya kuma tuna masa cewa a filin ƙaramar hukuma yake. Sannan ya ce wannan katakon gudummawa ce, da shi za a toshe tagar bana. Baba ya shafa, ya ji duk jikinsa ƙulli ne, irin wanda in an danna da yatsa yake faɗowa ya bar rami.

"Ba mu ce ka bar komai a buɗe ba, Baba," in ji Dogo. "Kai dai ka buga."

Ranar nan abinci ya ƙi shiga bakinsa. Matarsa ta ce ya kwanta ya ce zazzaɓi ne, ai ba shi kaɗai ne kafinta a duniya ba. Ya ce ai matsalar ke nan, wani zai buga. Ya duba shagon kaf, babu katako mai faɗi marar ƙulli, sai ƙofar shagon kanta. Ya kwance ta, ya ɗora a baro.

Ya tura baron har makarantar, ya hau tsani. Mutumin da ya tsufa da guduma, ranar sai da ya buge babban yatsansa har farce ya yi baƙi. Babur ya wuce, Baba ya firgita ya saki ƙusa. Amma bai sauko ba sai da ya gama, ya shiga ya duba haske kamar kullum. Matar kuwa, wadda ta ce ya kwanta, ita ta ja kujera ta zauna a bakin shagon tana gadin kayan aiki, tana ce wa masu wucewa tsohon nata ya mai da ita ƙofa.

Ranar zaɓe yaran Dogo suka zagaya bayan ajin, suka lalube katakon da yatsu, suka dawo. Inna mai gawayi ta fito tana goge yatsa, ta tsaya kusa da Baba a layi, ta ce a hankali, "Yau ni da Allah kaɗai muka sani."

Kansila ya sake ci. Ba a kwance rumfar kowa ba, don ba a san wa za a kwance wa ba. Sai dai ba a yi mako ba aka shafa jan fenti a bangon shagon Baba, alamar rusau. Fentin yana nan. Masu katafila ba su zo ba, ba su kuma ce sun fasa ba.

Baba, kai ne ka nuna mana matsoraci ma yana iya tsayawa. Kai ne garkuwar masu ƙaramin ƙarfi. Ba ka taɓa tambayar kowa wa ya zaɓa ba, mu ma ba mu san naka ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya tsare maka shagonka.

Yanzu idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi hawa tsani, ga wani zaɓen ya matso. Mu da muke ganin kanmu jarumai, tsoron nan muna jin sa, kada mu yi wa juna ƙarya. Amma ƙofar tana nan, da ramukan ƙusa a gefenta. Jiya ya ce zai nuna wa duk mai so yadda ake duba haske. Ya dai roƙa a zo da rana, a kuma zo da yawa, don shi kam har yanzu tsoro yake ji.