Yadda Na Mayar da Fim ɗin Baba Gado Ƙarshe

Laifina ne, ba na kowa ba. Na daɗe ina ɗora shi a kan manyan baƙi da tsawon jawabinsu, amma takardar tsarin ranar a hannuna take, kuma da birona na sauya ta. Ku da kuka karɓi aikin bikin nuna fina-finai daga hannunmu, gara ku ji daga bakina.

Ni ma'aikacin sashen yaɗa labarai ne, majigi nake kula da shi. Mu biyu muka fara bikin nan a Yelwa, ni da Malam Habu, malamin firamare. Aji guda aka ba mu aro. Muka toshe tagogi da tabarmi, muka rataya farin zane a kan allo, muka ce duk wanda ya ɗauki wani abu da wayarsa ya kawo. Masunta suka fi kowa kawowa: jan taru, gyaran jirgi, mata suna bandar kifi.

Tun shekarar farko Malam Habu ya kafa doka ɗaya. Fina-finan mutanen ƙetaren ruwa ake fara nunawa, da an idar da azahar, domin jiragensu da la'asar suke tashi. Tafkin da ke tsakaninmu da su cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya ci, kuma babu direban da zai yarda rana ta faɗi masa a tsakiya da mata da yara.

A shekara ta biyar biki ya girma. Muka koma babban zaure, baƙi suka zo daga Birnin Kebbi da fim ɗinsu na manyan kyamarori. Malam Habu yana kwance ba lafiya, tsari ya dawo hannuna.

A cikin abin da aka kawo akwai fim ɗin Isiyaku, direban jirgi daga wani ƙauyen masunta a ƙetare. A ciki ya ɗauki mahaifinsa, Baba Gado, yana zaune a jirgi yana nuna ruwa da filafili: nan masallacinsu yake kafin a yi madatsar ruwa garinsu ya nutse, nan rijiya, nan kabarin innarsa. Isiyaku ya ce mini tsohon ya ƙi kallonsa a waya, wai garinsu ya fi ƙarfin tafin hannu, sai dai a bango.

Ban taɓa mantawa da safiyar nan ba. Na dubi kujerun gaba, na ce a raina, yaya zan fara wa waɗannan mutane da hoton waya mai rawa? Sai na sa jawabai farko, fim ɗin baƙi na biye, na tura na Baba Gado ƙarshe. Ban gaya wa kowa ba.

Mutanen ƙauyen Isiyaku sun zo jirgi cike, tsohon yana sanye da farar riga mai karin guga. Aka yi jawabi, aka ƙara. Da aka kira la'asar Isiyaku ya lallaɓo wurin majigi.

"Malam Sani, mi ya faru? Ba mu ne farko ba?"

"Yi haƙuri kaɗan, yanzu-yanzu."

"Yanzun ga naka tun azahar yake tafe. Ko a ƙasa ya taho ai ya iso."

"Manyan mutane ne, Isiyaku. Ka san yadda abin yake."

"To, mu ƙanana ruwa na jiranmu."

Bayan salla sun dawo sun ƙara zama. Sai na ga suna tashi ɗaya-ɗaya, mata suna gyara goyo. Baba Gado ne na ƙarshe. Ya tsaya bakin ƙofa ya dubi zanen da ake haska fim ɗin baƙi, sannan ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sannu da aiki, ɗana." Bai san ni ne na sauya tsarin ba.

Dab da magariba na nuna fim ɗinsa, zaure ya ragu da rabi. Baƙi suka tafa, ɗayansu ya ce na iya zaɓe, ni kuwa na karɓi yabon. Na ce a raina baɗi zan sa shi farko. Da damina Baba Gado ya rasu, kuma a bikin da ya biyo ko jirgi ɗaya bai zo daga ƙauyensu ba.

Abin da na koya ke nan: a aikin nan, kafin ka jera fina-finai, ka san yadda kowane mai kallo zai koma gida.

Sai da na yi shekara biyu ina kauce wa Isiyaku a bakin ruwa. Rannan dai na shiga jirgin safe na haye. Na same shi ƙofar gida yana kwance inji. Ya ba ni tabarma, muka gaisa, ya ci gaba da aikinsa.

Na ce, "Isiyaku, ba jawabi ne ya hana Baba ganin garinsu ba. Ni na mayar da shi ƙarshe da hannuna, don na ji kunyar fim ɗinku a gaban baƙi. Ba ni da abin da zan kawo ya gyara. Ka yafe mini, kuma ka shiga ka gaya wa Inna, matar Baba, ina nan ƙofar gida, ina roƙon gafararta."