Ƙafar Dorina da Ƙarfen Tantan

Mutane na cewa na cika faɗa a kan tantan, wai ina ruwan tsohuwa da motar noma. To, da ruwana. A gidanmu sai da aka fasa ƙwarya kafin wani babba ya ji magana, kuma ina wurin.

Ina ƙarama, Turawa na mulki, muna zaune a wani ƙauye gefen fadamar Auyo. Da an idar da magariba kakarmu Hansai takan tara busasshen kashin shanu a tsakar gida ta kunna, don sauron fadama ba ya jin magiya, hayaƙi kawai yake ji. Sai mu kewaye ta, idanu na hawaye, ita kuma tana farke kifin da za ta banda. Kaka ba ta yin tatsuniya don a yi barci. In ta ce za ta yi, wani ya yi laifi a gidan, sai mu riƙa satar kallon juna mu ga a kan wa za ta sauka.

Wata shekara wani Bature ya kawo tantan don a baje fadama a shuka shinkafa. A bayansa akwai wani faffaɗan ƙarfe, tsawonsa kamar mutum a kwance, yana kankare tudu yana cike kwari don ruwa ya kwanta daidai. Direba ya ja liba ƙarfen ya tashi, ya tura ta ya sauka. Baffana Sale, ƙanin babana, shi aka koya wa tuƙin. Ya iya, ba zan rage masa ba. Matsalarsa kunya. Surukinsa Malam Buba, uban matarsa, kullum sai ya biyo ta fadamar da rana. Da Baffa ya hango shi sai ya kashe inji don a ji gaisuwa, ya diro ya tsuguna, ya bar ƙarfen a sama yadda yake. Fadama ba bishiya, inuwa ɗaya ce, ta tantan. Sai dattijon ya shimfiɗa buzunsa a bayan motar, ya miƙe ƙafafunsa biyu a ƙarƙashin ƙarfen, a yi ta gaisuwa.

Wata rana Kaka ta kai wa Baffa fura ta ga haka da idonta. Da yamma Baffa na gefe yana cin tuwo, ta ce, “Ga wata nan ta fito daga kogi.”

Muka ce, “Ta iso mu ji ta.”

Ta ce wata shekara namun fadama suka so noman shinkafa, ƙasa kuwa duk tudu da rami. Suka roƙi dorina ta tattake musu. Dorina na cikin aiki, ta ɗaga ƙafar gaba za ta taka ke nan, sai ga kififfiya, kunkurun ruwa, dattijuwar da duk kogi ke girmamawa. A lokacin kififfiya kewayayya ce kamar tulu. Dorina ta tsaya cak da ƙafa a sama, ta sunkuyar da kai. Kififfiya ta ga inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafar. Ina kwana, ina gajiya, yaya 'ya'ya, yaya ruwa, yaya masu jego, yaya jakin wane da ya yi targaɗe bara.

Ƙanena ya ce, “Kaka, me ya hana dorina ta ce mata ta matsa?”

“Kunya, ɗan nan! Tana da tarbiyya. Irin tarbiyyar da ke kai mutum wurin mai ɗori.”

Ta ce ƙafa ta fara rawa. Dorina na gumi tana amsa “lafiya lau.” Ba ta yi nufin taka kowa ba, ƙafar ce ta gaji ta sauko da kanta. Tun ranar kififfiya ta baje kamar faifai, har jikokinta. “Ta ƙare,” in ji Kaka, “wanda ta shafa ya san kansa.”

Baffa ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, “Inna, dorina nama ce. Wannan ƙarfen Turawa ne, ba ya gajiya. Mai ne ke riƙe da shi.”

“Mai? Man da nake gani yana ɗiga a ƙasa?”

“Kuma so kike in ga Baba Malam tsaye, in zauna a sama ina wasa da liba kamar ban gan shi ba? Ko in ce masa ya janye ƙafa? Da wane bakin?”

“Da bakin da kake cin tuwona. In ƙarfen nan ya sauka a kan ƙafar mutumin, da wane bakin za ka gaya wa matarka?”

Sai ya yi murmushi, murmushin nan na wanda ya ga tsohuwa ba ta san inji ba. Har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Washegari Kaka ta dama fura a ƙwaryarta ta aure, wadda ba ta bari kowa ya taɓa, ta ce in biyo ta. Da Baffa ya hango mu ya kashe inji ya diro, ƙarfe a sama kamar kullum. Ta wuce shi, ta sa sanda ta tura ƙwaryar ƙarƙashin ƙarfen, daidai inda Malam Buba ke ajiye ƙafa. Ta ce, “Zo mu gaisa. Ni ma ina son doguwar gaisuwa.” Ta zauna nesa kaɗan ta fara: ina kwana, ina aiki, yaya Bature, yaya matar Bature. Baffa na amsawa yana haɗiyar yawu yana kallon furarsa. Ni kuwa ƙarfen nake kallo. Ban ga yana motsi ba, amma da farko zan iya tura kaina tsakaninsa da bakin ƙwaryar, can na ga ko hannu ba zai shiga ba. Sai wani abu ya yi huci a cikin motar. Ƙas! Fura ta fallatsa har rigarsa.

Kaka ta tashi ta kaɗe zaninta. Ta ce, “Ƙwaryar nan da ita aka kawo ni gidan ubanka. Ƙafar Malam Buba kuwa ba a sayar da irinta a kasuwar Jahun.”

Da rana dattijon ya zo. Baffa ya tsayar da tantan, ya bar surukinsa tsaye a rana, ya tura liba har ƙarfen ya zauna a ƙasa, ya ja birki, ya kashe inji, sannan ya sauko ya tsuguna. Malam Buba ya ji haushi ƙwarai. Mako guda yana gaya wa mutane tuƙi ya sa wa yaron girman kai. Da ƙafafunsa biyu dai dattijon ya riƙa zagayawa yana kai ƙarar, da su kuma ya yi ta zuwa masallaci har ƙarshen ransa.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan kififfiya take, mai shiga inda bai kamata ba. Sai da na girma na gane laifin na dorina ne. Mai ƙafa shi ya san nauyinta. Wanda ya zo gaisuwa inuwa kawai ya gani.

Yanzu jikana Habu ne ke tuƙa tantan a fadamar nan. Wai har an rubuta a jikin motar cewa a sauke ƙarfe kafin a sauka. Su da suka iya karatu, rubutun bai hana su komai ba. Kwanaki na kai masa abinci, ya hango ni ya diro da gudu ya tsuguna, ƙarfe na lilo a sama.

“Hajiya, sannu da zuwa. Ina wuni?”

Na juya ina kallon kogi.

“Hajiya, fushi kike da angon naki?”

“Ba na amsa gaisuwar dorina. Koma ka sauke ƙafarka.”

Ya koma yana gunaguni. Sai da na ji ƙarfen ya taɓa ƙasa na ce, “Lafiya lau. Yaya aiki?”