Kiwon da Ba a Fatan Ya Haihu

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya kuna yawan tambayata ranar da ta fi tsaya mini a rai. Na san kuna jira in ce ranar da bijimi ya watsar da ni a wurin allurar shanu. A'a. Wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da aka kawo mini ɓeraye har biro, wato ofishinmu.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin kiwo a Tasawa. Mu ne masu allura, mu ne masu duba nama a mahauta, mu ne masu zagayen karkara kan moto, wato babur. Sama da ni akwai shef, cikakken likitan dabbobi, wanda ba a fitar da ko kwalbar magani sai da izininsa. Watan Mayu ne, zafi ya kai inda ya kai, manoma sun fara binne, wato shukar da ake yi cikin busasshiyar ƙasa a zauna jiran ruwan farko.

Da hantsi amalanken jaki ya tsaya a ƙofa. Wani tsoho ya sauko, shi da mai amalanken suka kinkimo rabin tano, wato duron ƙarfe da aka raba biyu, an rufe shi da ragar waya, suka dire a gabana. Ya ce sunansa Ɗan Jimma, daga wani ƙauye a karkarar Kona.

"Likita," in ji shi, "allura nika so ka yi musu. Wadda ba a tashi."

Na leƙa. Rairayi ne cike da rabin tanon, da 'yan ramuka, sai ga kawuna suna fitowa. Ɓerayen jeji ne, ba na gida ba: ƙanana, launin rairayi, farin ciki, manyan idanu, dogayen ƙafafun baya, da ɗan tuntun gashi a bakin wutsiya. Su ne dai waɗanda ke bin layin binne suna tone iri, abokan gabar kowane manomi. Dariya ta kuɓuce mini. Sai na ga tsohon ya zura hannu ciki, ɗaya ya hau tafinsa ya zauna yana wanke fuska. Nan take dariyata ta koma ciki.

Na ba shi kujera da ruwa, ya ba ni labari. Shi ne mai gadin bankin cimaka na ƙauyensu, wato rumbun gari, inda kwamiti ke sayen hatsi da kaka ya sayar wa mutane da sauƙi idan rumbuna sun yi ƙasa. Yana kwana a wani ɗan ɗaki jikin mangazar da ake ajiye hatsin. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna can cin rani, gadin nan shi ne tuwonsa. Bara wajen sharar gona fartanyarsa ta faɗa wani rami ta kashe uwa, ta bar jarirai ko ido ba su buɗe ba.

"Ni na kashe uwassu, wa zan bar ma su?"

Ya raine su da nonon akuya, yana ɗiga musu da tsinke. Suka rayu, suka girma, suka hayayyafa, kamar yadda ɓera ya saba. Sai kwamiti ya ji labari. Shugaban ya ce ba a taɓa ba kura ajiyar nama ba: kafin ƙarin hatsi ya iso a ƙarshen mako, ko ɓeraye su bar ɗakin, ko shi ya ajiye makulli. Ni kaina ban ga laifin kwamitin ba.

Na ce, "Baba, ka kai su jeji ka sake mana."

"Na kai su. Na buɗe, sunka fito sunka zamna bakin ƙahwata suna kallona. Kuma yanzu lokacin binne ne. In na sake su, gonar wa za su ci?"

Gaskiyarsa. Kuma a sanina dabbar da aka raina da hannu ba ta san mujiya ba, ba ta san muzuru ba, ba za ta kwana biyu a waje ba. Na ce ya ba wani a gari. Ya ce yara sun yi ta roƙo, amma ya san da wuta za a ƙare. Na ɗan yi tunanin gidana, sai na tuna uwargida, na san ni da tanon za a haɗa a fitar.

Na shiga wurin shef. Ya saurare ni yana kallona ta saman tabarau. "Lawali, maganin da ke hannunmu na shanu da awaki ne. Tura shi sarwis ɗin noma, suna da guba." Na san gubar nan, na san yadda take kashewa sannu a hankali da wahala. Ban ma gaya wa tsohon an faɗi haka ba.

Sai na tuna Madam Zuwaira, mai koyar da ilimin halittu a koleji, wadda ta taɓa zuwa neman ƙoƙon kan rago don darasi. Na hau moto na same ta. Ban gama bayani ba ta miƙe. Ta ce ta gaji da zana dabba a allo, ta nemi yardar daraktansu, muka dawo tare. Ina ta murna a raina, ina cewa magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Baba Ɗan Jimma ya gaishe ta da mutunci, sannan ya dafa ragar da hannu biyu.

"Ɗiyata, ki yi haƙuri, ba ni ba da su kyauta. Abin da ka ba da kyauta ka hidda hannunka. Na ji a lakwal, makarantar bokonku, ana yanka kwaɗo gaban yara. Gobe in an yanka waɗanga, mi zan ce? Gara su mutu ina gani."

Madam ta rantse ba za ta yanka ba. Ya ce ya yarda da ita, amma gobe ana iya ɗauke ta a kawo wani. Rana ta karkata, mai amalanke yana ta gyaran murya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga tsohon nan zai koma da tanonsa, kuma ya rasa aikinsa a kan ɓera.

Ina tsaye ina kallon awakin da aka kawo allura, sai abin ya faɗo mini. Ga waɗanda ba 'yan nan ba: a ƙasarmu idan mutum yana da akuyar da ba zai iya riƙewa ba, sai ya ba wani kiwo. Akuya tana nan ta mai ita. Mai riƙo ba ya sayarwa, ba ya yankawa, ba ya ba wani sai ya tambaya. Mai ita yana zuwa ya gani duk ranar da ya so, in ta haihu a raba.

Na ce, "Baba, to ba kyauta ba. Kiwo za ka ba ta."

Ya ɗago kai ya kalle ni. "Kiwon ɓera?"

"Kiwo ai kiwo ne."

"Da shaidu?"

Na koma na roƙi shef ya zo ya zama shaida. Ya fito yana danne dariya, amma da ya ga fuskar tsohon sai ya cire tabarau ya tsaya sosai. Baba ya faɗi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya kamar ana ba da saniya, har da cewa in an ɗauke Madam daga Tasawa, sai an neme shi kafin a ba wani. Ta amsa duka. Sai ta ce, "Baba, in sun haihu fa?"

"Ki riƙe rabona."

"Wallahi ni ma ban so!"

Nan kowa ya fashe da dariya, har shi. Sai na shiga nawa aikin. Na sa aka samo wani rabin tano, na ware maza daban, mata daban. Na nuna wa Madam yadda ake ganewa, na ce ta sa ido kan matan ko akwai mai ciki, ta ware 'ya'yan da zarar an yaye su. Na ce rairayi mai zurfi, inuwa, gero da 'yar gyaɗa da ɗan ganye. Kuma kada a ɗaga su ta wutsiya, fatar saɓulewa take. Wannan na ƙarshen Baba ya riga ni faɗa.

Ya hau amalanke hannu wofi, yana share ido da bakin rawani, amma kafaɗunsa sun sauka. Ni ma ranar na ci tuwo da daɗi. Kwamiti ya duba ɗakin bai ga komai ba, makulli ya zauna a aljihun Baba. Ranar kasuwa yakan biya ta koleji da gyaɗa a ƙulle, ya ce ya zo ganin dukiyarsa.

Ba a koya mana wannan a makarantar kiwo ba. Mutanenmu ba su da yawan magana a kan ƙaunar dabba, kunya suke ji, amma amana ba sa wasa da ita ko ta ɓera ce. Don haka idan mutum ya kawo muku dabba mai lafiya ya ce a kashe, kada ku yi saurin buɗe akwatin allura. Ku fara tambayar kanku abin da ya hana shi kashe ta da kansa a gida.