Yatsa Ƙasa Ya Kai Mu Sabon Ibadan

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, ni da abokina da muke kula da dandalin tambaya da amsa na 'yan kasuwar hatsi a intanet. Ba yawon buɗe ido muka fita ba. Mutanenmu na Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, su ne suka aiko cewa ko mu cire alamar yatsa ƙasa da ake danna wa tambayar da ba ta fito fili ba, ko su fice gaba ɗaya. Su ne kuwa suka fi yawa. In suka tafi, sai mu rufe dandalin.

Hanya ta gasa mana aya a hannu. Tsakanin Mokwa da Jebba ramuka sun fi kwalta yawa, abokina kuwa sai sharar barci yake kamar a gadonsa. Muka kwana Ilori. Washegari warin albasar kasuwar Shasha ne ya fara yi mana maraba, sannan 'yan acaɓan Mokola suka kusa kwashe mana ƙafafu. A Sabo yaro zai gaishe ka da Hausa, ya juya ya yi ciniki da Yarbanci, ko numfashi bai sauya ba.

A zauren mai unguwa dattawa suka zaunar da mu, fuska ba annuri. Laifinmu shi ne wata Hajiya mai ƙosai, uwa a unguwar, ta rubuta: "Wane magani ake sa wa wake?" Iyakar tambayar ke nan. Wani ya ɗauka na gona take nufi, ya ba ta sunan maganin feshi. Jama'a suka danna wa tambayar yatsa ƙasa, suka ce ta yi bayani. A wurin dattawan, wannan rashin kunya ne ga babba.

Na gyara murya zan fara kare kai, sai Hajiyar ta yi magana daga bayan labule.

"Mai unguwa, ni aka danna wa, ba ku ba. Na ji haushi, wallahi. Amma haushin ne ya sa na sake rubutawa, na ce waken ƙosai ne a ɗaki. Nan aka ce in shanya shi, in rufe a duro, ba magani. Da an ji kunyata an yi shiru, da guba na soya wa jikokinku. Ku bar musu yatsansu jare, don Allah."

Can ƙosai ya fito a faranti, mai unguwa ya fara miƙa hannu. Ni dai daɗi ya kashe ni, ba wanda ya ƙara zancen ficewa.

Na dawo gida na gane cewa tambaya ake danna wa yatsan, ba mai ita ba, kuma jin kunyar babba wani lokaci cutar da shi ne. Da na huta, na rubuta a dandalin: "Wace hanya ta fi kyau yanzu?" Ko shayina ban shanye ba yatsa ya sauka, Hajiya ta rubuta a ƙasa: "Daga ina zuwa ina, ɗana?"