Abin da Na Faɗa wa Baba a Kan Ƙanwata

Duk sanda na ji ƙarar ruwa yana shiga bututun ban-ruwa, ƙanwata nake tunawa.

Lokacin alkama ne, ba a daɗe da kawo mana ruwan kanal a Kura ba. Lanƙwasasshen bututu ake ɗorawa a kan gaɓa, ya zuƙo ruwa ya zuba a gona. Ran nan na yi ta fama, ya ƙi ja. Sanyi ya kama yatsuna. Ƙanwata ta kawo mana kunu, ta ajiye, ta nitsar da bututun gaba ɗaya, ta toshe bakinsa da tafin hannu, ta tsallakar da shi. Ruwa ya kama gudu. Ta ce a darasin fiziks aka nuna musu, iska ce ke danna ruwan, ni kuma na bar iska a ciki.

Manoman da ke wurin suka yi ta dariya, wai ɗan boko ya sha kaye a hannun mai tallan kunu. Aji biyu na fi ta, kuma fiziks ɗin nan sau biyu ina faɗuwa.

Da aka zo raba 'yan ajinta zuwa ajin kimiyya da na adabi, Baba ya kira ni, don shi allo kaɗai ya yi. Ya tambaye ni ko a bar ta ta shiga ajin kimiyya. Na ce karatun maza ne, ƙarshensa hawa turken lantarki, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwar mace. Ya ce, "Kai ka sani."

Tana bakin ƙofa, tana ji. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaya ajin, ta gama ba ta ci komai ba, ta daina tambayar dalilin abubuwa.

Bara na je gidanta a Bunkure. Jikarta ta ce malaminsu yana neman 'yan mata a ajin fiziks, duk sun gudu. Ƙanwata, tana tsince shinkafa, ta ce karatun maza ne, yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Na ce ba gaskiya ba ne, ni na ƙirƙira, haushi ne.

Ta ɗago ta dube ni. "Sai yanzu, Yaya?"

Yau makarantu sun yi yawa, ba mai hana yarinya shiga ajin da take so. Jikar dai ba ta shiga ba. Ta fi yarda da kakarta.