Ranar da Na Tsallaka Gudron a Mirriya

A lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaci ne a wani biro, wato ofishin gwamnati, a Damagaram, ina zaune da iyalina a Zango, a gidan da mahaifinmu ya bari. Ban taɓa tuƙa mota ba, ko babur ban iya ba, kabu-kabu ke kai ni aiki ya dawo da ni. Don haka a ganina dokar hanya ta masu farmi ce, wato lasisin tuƙi, mu da ke tafiya a ƙasa babu ruwanmu da ita. Idan zan tsallaka sai in ɗaga hannu in shiga, in bar wa direba sauran aikin. Na shekara da shekaru a haka ban ko yi tuntuɓe ba, har na ɗauka iyawa ce.

Da matata ta haihu, sai na tafi kasuwar Mirriya neman ragon suna. Motar da na shiga ta tsaya a bakin gudron, wato titin kwalta, da hantsi, na sauka ina magana da yayana a salula, yana gaya mini irin ragon da zan zaɓa. Maimakon in jira motar ta tashi in ga hanya sarai, sai na bi ta gabanta na shiga. Jikinta ya kare ni, mai tahowa daga baya ba zai gan ni ba, ni kuma ban leƙa ba. Daidai lokacin wata mota mai buɗaɗɗen baya, ɗauke da buhunan gero, ta zo wucewa. Na ji ƙarar birki, iskarta ta bugi rigata. Direban ya kauce mini ya yi ɗaya gefen, inda wata tsohuwa ke tafiyarta a ƙasa, ba ta ma taka gudron ba, da ƙwaryar busasshiyar kuɓewa a kai. Tsohuwar nan motar ta buge.

Kafin ƙura ta lafa mutanen kasuwa sun jawo direban waje suna duka. Yana ta faɗin wani ne ya faɗo masa, ba wanda ya saurare shi. Ni ina tsaye cikin taron, salula na hannuna, yayana na ta kiran sunana daga ciki. Ba wanda ya dube ni. Aka ɗauki tsohuwar zuwa gidan likita, jandarmomi suka zo suka ƙwaci direban, bakinsa na zubar da jini. Ni kuwa na shiga kasuwa na yi cinikin ragona, har na tsaya duba haƙoransa. Ina faɗin wannan ne yadda ya faru, ba don ina da uzuri ba.

Aka yi suna, aka ci nama, aka watse. Bayan kwana biyu wani abokin aikina da ke zuwa daga Mirriya kullum ya ba mu labarin a biro, bai san da wa yake magana ba. Ya ce cinyar tsohuwar ta karye, direban kuma yana tsare, an karɓe farminsa, mai motar ya sallame shi. Har yanzu yana rantsuwa wani ne ya shigo masa, amma babu shaida ko ɗaya, jandarmomi sun ɗauki maganar a matsayin ƙaryar da kowane direba ke yi. Na ce Allah ya kiyaye gaba, na ci gaba da buga hatimi a takardu. Da yamma na gaya wa yayana gaskiya. Ya ce ƙaddara ce ta riga fata, in yi sadaka in rufa wa kaina asiri, domin ma'aikacin gwamnati ba ya kai kansa gaban jandarma. Na ji daɗin shawarar, na kuma bi ta har mako guda. Ba zan ce wani babban abu ne ya juya ni ba. Wata safiya dai ɗan kabu-kabu ya tambaye ni ko biro za mu, na ji bakina ya ce tashar Mirriya. Ina isa Mirriya na wuce wajen jandarmomi.

Jandarman da ya rubuta bayanina ya daɗe yana kallona, ya sa na maimaita sau biyu. Ya ce direban bai fita sarai ba, domin gudun da yake yi ya fi ƙarfin bakin kasuwa, kuma doka ta ce a rage gudu idan za a wuce motar da ke sauke mutane. Amma maganata ta sauya lamarin. Ya yi mini faɗa irin wanda ba a yi mini ba tun ina ɗan makaranta a lakwal, ya sallame ni. Bayan 'yan kwanaki aka saki direban, sai dai farminsa ya daɗe bai dawo hannunsa ba. Na neme shi na same shi a ƙofar gidansu, magidanci ne sa'ana, haƙoransa biyu na gaba babu. Na fara bayanin ko ni wane ne, sai ya tare ni.

"Malam, na san ka. Na gan ka a cikin taron, da farar riga. Da na nuna ka, kai za su koma wa, kuma ba za su bar ka da rai ba."

Ya sa aka kawo mini ruwa, na sha, muka yi sallama. Daga baya na je Zermu, garin tsohuwar, bayan an sallame ta daga gidan likita. Na ce Inna, ni ne sanadi, na ba ta labarin duka. Ta ce ba ta ga kowa ba a ranar, ta yafe mana mu biyun. Abu ɗaya ta tambaye ni, ko na san wanda ya ɗauki ƙwaryarta, domin ta mahaifiyarta ce. Da sanda take tafiya yanzu, ta daina zuwa kasuwa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Hanya ta kowa ce, dokarta kuma ta hau kan mai ƙafa kamar yadda ta hau kan mai mota. Wanda ya sauka daga mota ya jira ta tashi, ya cire waya daga kunne, ya duba hagu da dama kafin ya taka gudron. Ɗaga hannu ba ya tsayar da mota mai kaya. Direba kuma ya san cewa bayan kowace motar da ta tsaya akwai yiwuwar wani irina. Masu taruwa a wurin hatsari su riƙe hannuwansu, domin ba kullum wanda ke cikin mota ne mai laifi ba. Kuma kada wani ya ruɗi kansa cewa ransa ne kawai yake wasa da shi. Mai gangancin tsallakawa sau da yawa yakan isa gidansa lafiya, wani ne daban ake ɗauka a kwance.